Shekarar Farko a Tsangayar Injiniya: Inda Ake Tankaɗe da Rairaya

Ɗalibin da ya samu gurbin karatun injiniya a jami'ar Najeriya yakan shiga makaranta da hoton injuna a ransa: janareto a buɗe ana gyara, gada ana zuba mata kankare, shi kuma da hular kwano a ka yana ba da umarni. Abin da yake tararwa daban ne. A mafi yawan jami'o'inmu, shekarar farko takan ƙare yaro bai riƙe ko sufana ba. Lissafi ne, da Fiziks, da Kemistiri, da Turanci, a manyan ɗakunan lacca, kafaɗa da kafaɗa da ɗaruruwan ɗaliban kimiyya da na aikin gona da na likitanci. A gida kuwa tuni an naɗa masa rawani. Tun ranar da sunansa ya fito, ƙanne da 'yan unguwa suka daina kiransa da sunan yanka, sai dai "Injiniya".

Tsakanin wannan kirari na gida da abin da ke jiran yaro a aji akwai tazara mai faɗi, kuma a cikinta ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Abin lura shi ne, waɗanda ke tuntuɓen ba daƙiƙai ba ne. Galibinsu su ne zakarun makarantunsu na sakandare. Abin da ke kayar da su shi ne salon karatu da salon rayuwa da suka sauya musu a dare ɗaya, ba tare da wani ya zaunar da su ya yi musu bayani ba.

Ƙofar shiga

Karatun injiniya a Arewa ya daɗe. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a Zariya a 1962 ta gaji sashen injiniya ne daga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya da ke garin tun shekarun 1950. Bayanta sai Jami'ar Maiduguri a 1975, da Jami'ar Bayero ta Kano da ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da jami'o'in fasaha na tarayya da aka buɗe a Bauchi a 1980, da Yola a 1981, da Minna a 1983. Jihohi ma sun bi sahu, kamar jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da ta fara aiki a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote.

Kafin yaro ya taka ƙofar ɗaya daga cikinsu, sai ya kawo kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, cikinsu har da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Waɗannan huɗun ne kuma zai rubuta a jarrabawar JAMB mai maki 400, sannan ya bi ta tantancewar jami'ar da ya zaɓa. Injiniya na cikin kwasa-kwasan da ake rububinsu, don haka makin da zai kai wani yaro sashen da ba a cika nema ba, ba zai kai shi sashen lantarki ko na gine-gine ba. Wannan ne ya sa duk wanda ya shigo yake jin ya riga ya ci rabin yaƙi. Ga shi kuma doka ta yarda a ɗauki ɗan shekara 16. Ke nan yaron da bara waccan ake tashinsa sallar asuba, yau shi ne zai riƙe kuɗinsa, ya dafa abincinsa, ya tsara lokacinsa.

Akwai wata ƙofar ta biyu. Masu shaidar IJMB ko difloma daga kwalejin fasaha sukan shiga aji biyu kai tsaye. Su shekararsu ta farko ta fi zafi ta wani ɓangaren, domin suna sauka ne cikin darussan injiniya tsundum, tare da 'yan ajin da suka riga suka san juna da malamansu. Sau da yawa ɗan difloma hannunsa ya faɗa a aikin bita amma lissafi na ba shi wuya, ɗan IJMB kuma lissafinsa ya nuna amma bai taɓa tsayawa gaban inji ba.

Me ake karantawa a aji ɗaya?

Digirin injiniya shekara biyar ne. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS, wadda aka fara aiki da ita a 2023. A ƙarƙashinta hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, kowace jami'a kuma ta cike kashi 30 da abin da ya dace da ita. Saboda haka ɗan aji ɗaya a Samaru ta Zariya da takwaransa a Gidan Kwano ta Minna ko Gubi ta Bauchi kusan abu ɗaya suke karantawa.

Jadawalin a cike yake. Akwai lissafi kashi-kashi: aljabara da tirigonometiri a zangon farko, kalkulas a na biyu, da lissafin bekta. Akwai Fiziks na motsi da ƙarfi, da na zafi, da na lantarki da maganaɗisu. Akwai Kemistiri kashi biyu. Fiziks da Kemistiri kowanne yana da darasin gwaje-gwaje a lab. Akwai darussan bai-ɗaya da kowane ɗalibin jami'a ke yi, wato Turanci da darasin al'ummomi da al'adun Najeriya. Abin da ke da ƙamshin injiniya a ciki bai taka kara ya karya ba: darasi ɗaya kan matsayin injiniya a cikin al'umma, da darasin zane. Idan aka haɗa, ɗalibi kan ɗauki darussa takwas zuwa goma ko fiye a zango guda, a makonni goma sha biyar na karatu idan an samu zango cikakke.

Wasu ɗaliban sukan ɗauki wannan shekara a matsayin maimaicin sakandare, su sassauta. Nan ne kuskuren farko. Sunayen babukan iri ɗaya ne da na aji shida, amma abin da malamin sakandare ya yi wata guda yana koyarwa, malamin jami'a a lacca biyu zai gama shi ya wuce. Kuma duk abin da ke gaba a kan waɗannan darussa aka ɗora shi. Wanda bai iya kalkulas ba a aji ɗaya, zai sake haɗuwa da shi a darasin ƙarfin ƙarafa, da na gudanar ruwa a bututu, da na da'irar lantarki, har ranar da zai fita.

Daga hadda zuwa fahimta

Babban sauyin da ke girgiza sabon ɗalibi shi ne yadda ake tambaya. Jarrabawar shiga jami'a ta canki-canka ce: amsoshi huɗu, a zaɓi ɗaya. Yaro mai ƙwaƙwalwa da ya haddace tambayoyin shekarun baya zai iya cin maki mai yawa ba tare da ya san dalilin da ya sa dabarar lissafin take aiki ba. Mu kuma al'umma ce da ta ƙware a hadda tun daga makarantar allo, kuma baiwa ce babba. Sai dai lissafin injiniya ba ya tsayawa a nan. Malami zai koyar da ƙa'ida, ya yi misali biyu a allo, ranar jarrabawa ya kawo tambayar da ta juya wa misalan baya. Wanda ya haddace misalin zai zauna yana cizon biro. Wanda ya zauna da hannunsa ya warware tambayoyi talatin masu kama da ita, shi zai gane ta ko da ta sauya riga.

Sai kuma giɓin da yara ke zuwa da shi daga makarantunsu. Darasin lissafi mai zurfi na sakandare, wanda a cikinsa ake fara ɗanɗana kalkulas, ba kowace makaranta ke da malaminsa ba, musamman makarantun gwamnati na karkara. Saboda haka a aji ɗaya za ka tarar da yaron da ya san bambance-bambancen kalkulas tun yana aji biyar, kusa da shi kuma wanda ranar ce ya fara jin sunan. Malami ba zai tsaya ya tambayi wane ne wane ba. Haka abin yake a lab. Akwai ɗaliban da ranar gwajin farko ce suka fara riƙe bututun auna sinadari, ko suka fara ganin ma'aunin kauri mai zamiya. Gwajin lilo da ake yi don gano ƙarfin jan ƙasa, wanda amsarsa ke kusa da 9.8, ba shi da wuya. Wuyar tana wajen rubuta rahotonsa, da zana jadawali, da bayyana dalilin da ya sa amsar da aka samu ta ɗan kauce. Da yawa sukan kwafi rahoton na gaba da su, su samu maki, su rasa ainihin abin da aka so su koya: yadda injiniya ke auna abu, ya kuma faɗi iyakar gaskiyar awonsa.

Ga kuma Turanci. Yaron da malaminsa na Fiziks ya saba yi masa ƙarin bayani da Hausa, yau yana zaune a kujerar baya ta ɗakin da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane, yana sauraron malamin da ya fito daga wani sashen ƙasar da karin harshen da kunnensa bai saba ba, lasifika kuma ta ɗauke tare da wuta. Sau da yawa yaro ya san lissafin, jimlar tambayar ce ta ɓatar da shi. Kunya kuma ta hana shi ɗaga hannu, gudun kada a yi dariyar Turancinsa. Wannan kunyar ta fi rashin ilimi yin ɓarna.

Darasin zane kuwa shi ne ke fara koya wa ɗalibi cewa injiniya aikin haƙuri ne. Allon zane, da ma'aunin ti-sikwaya, da fensira masu tauri daban-daban, da takarda mai faɗi: a zana abu ɗaya ta gaba, ta sama, ta gefe, kowane layi da kaurinsa, kowane awo a gurbinsa. Zane ɗaya kan cinye yammaci guda, ɗigon gumi ɗaya kuma ya sa a sake. Sabuwar manhaja ta shigo da zane a kwamfuta, abin da ya buɗe wani giɓin tsakanin mai laftof da wanda sai ya jira abokinsa ya yi barci ya ara.

Lissafin da ya kamata a fara koya wa kowa

Akwai wani lissafi da ba ya cikin jadawali, amma shi ke yanke wa ɗalibi hukunci: lissafin CGPA. A tsarin da aka fi bi, maki 70 zuwa sama A ne, yana da lamba 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, lamba 4. Daga 50 zuwa 59 C, lamba 3. Daga 45 zuwa 49 D, lamba 2. Daga 40 zuwa 44 E, lamba 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sifili. Kowane darasi yana da nauyinsa, wanda ake kira yunit. Ana ninka lambar da aka samu da nauyin darasin, a tara duka, a raba da jimillar nauyin darussan da aka yi wa rajista. Ke nan faɗuwa a darasin lissafi mai nauyi uku ta fi faɗuwa a darasi mai nauyi ɗaya ciwo sau uku. Darasin da aka faɗi kuma sai an maimaita shi, shi ne kari-oba da kowane ɗalibi ke tsoro, kuma a tsarin da aka fi bi sifilin farko ba ya gogewa daga lissafi ko da an ci daga baya.

Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50. Daraja ta biyu ta sama, wadda ɗalibai ke kira tu-wan, daga 3.50 zuwa 4.49. Ta biyu ta ƙasa daga 2.40 zuwa 3.49. Ta uku daga 1.50 zuwa 2.39.

Bari mu ɗauki misali. A ce nauyin darussan shekara biyar 180 ne, 40 daga ciki a aji ɗaya. Ɗalibin da ya gama shekarar farko da 2.00 yana buƙatar ya riƙa samun kusan 3.93 a duk sauran shekaru huɗun kafin ya fita da tu-wan, a daidai lokacin da darussa ke ƙara tauri. Daraja ta ɗaya kuwa ta kuɓuce masa har abada, domin sai ya samu 5.21, alhali ƙololuwar ma'aunin 5.00 ce. Wanda kuma ya fara da 4.00, 3.36 ta ishe shi ya riƙe tu-wan, kuma ƙofar daraja ta ɗaya na buɗe gare shi. Wannan bambanci ba na ado ba ne. Tallafin karatun digiri na biyu da dama, da guraben aiki a manyan kamfanoni da yawa, daga tu-wan suke fara duba takarda.

Mafi yawan sababbin ɗalibai ba sa jin wannan bayani sai bayan sakamakon zangon farko ya fito. Haka nan da yawa ba su san cewa kashi 30 ko 40 na makin darasi ana tara shi ne tun kafin jarrabawa ba, ta hanyar tes da aikin gida da lab, ko kuma cewa dokar jami'o'i ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 na lacca kafin ya cancanci zama jarrabawa. Wanda ya yi rajista a makare, saboda sunansa ya fito a rukuni na biyu ko kuɗi bai haɗu da wuri ba, yakan iso ya tarar an yi tes na farko.

Makwanci, ciki da aljihu

Karatu ba ya shiga kan da bai yi barci ba, ko cikin da bai ƙoshi ba. Ɗakunan kwanan ɗalibai a manyan jami'o'inmu an gina su ne lokacin da ɗalibai ba su kai yawan na yau ba. A Samaru, samun gado a Ɗanfodiyo ko Akenzua ga maza, ko a Amina ga mata, sa'a ce da ake yi wa murna. Ɗakin da aka tsara wa mutum huɗu yakan kwashi ninkin haka idan aka haɗa da 'yan raɓe. Wanda bai samu ba sai ya kama haya a unguwannin da ke kewaye da makaranta, ya haɗu da kuɗin mota kullum. A jami'o'i masu harabar karatu biyu, kamar tsohuwa da sabuwar Bayero, ko Bosso da Gidan Kwano a Minna, ko Yelwa da Gubi a Bauchi, zirga-zirga kanta wani darasi ne da ke cin lokaci da kuɗi.

Iyayen da suka yi jami'a kafin 1984 suna tuna zamanin da gwamnati ke tallafa wa abincin ɗalibai a ɗakin cin abinci. 'Ya'yansu da jikokinsu risho ko ƙaramin gas suka sani, da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, da taliya da mai da yaji. Ɗalibai har lambobi suke yi wa cin abinci: wanda ya ce yau yana kan 0-1-0, yana nufin babu karin kumallo, babu na dare, sai na rana kawai. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a wannan shekarar. Ɗalibin injiniya yana da ƙarin nauyi a kan na kowa: kayan zane, na'urar lissafi, rigar lab, buga takardu, daga baya kuma takalmin bita da laftof.

Asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda ya buɗe karɓar buƙatu a watan Mayu na 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma bai wa ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Bashi ne marar ruwa, kuma ba a fara biyansa sai shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Ya rage wa gidaje da yawa nauyi, ko da yake duk wanda ya je kasuwa ya san inda wannan kuɗi ke tsayawa.

Kalandar karatu ma ba ta da tabbas. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Bayan kowane yaji jami'o'i sukan matse zango don su cike giɓi, wasu har sun haɗa rukuni biyu na sababbin ɗalibai a aji guda. Wanda matsin ya fi faɗa wa shi ne ɗan aji ɗaya, wanda bai ma gama sanin hanyar ɗakin lacca ba aka kafe jadawalin jarrabawa.

'Yancin da ba a saba da shi ba

A sakandare akwai ƙararrawa, akwai bulala, akwai malamin da zai aika gida idan yaro bai zo ba. A jami'a babu mai tambayar ka. Kana iya kwana uku ba ka shiga aji ba, rana ta fito ta faɗi kamar kullum. Wayar hannu kuma na aljihu. A cikinta akwai rukunin WhatsApp na aji inda ake sanar da sauyin lokacin lacca, akwai darussan kalkulas kyauta a YouTube, akwai manhajojin da za su warware maka aikin gida cikin daƙiƙa. A cikinta dai akwai TikTok, da ƙwallon Turai, da caca. Ɗalibin da ya bar manhaja ta yi masa aikin gida zai samu makin aikin, amma zauren jarrabawa ba a shiga da waya.

Idan jarrabawa ta matso sai a koma karatun kwana, daga isha'i har asuba, da shayi da goro da lemukan ƙara kuzari, wasu har su kai ga ƙwayoyi. Wannan salo yana iya fitar da mutum a darasin da ake haddacewa, amma lissafi ba ya shiga a dare ɗaya. Da safe ake kama fara. Awa biyu kullum da biro da takarda tun makon farko sun fi kwana bakwai a aji ana gyangyaɗi. Mai shiga jarrabawa bai shirya ba kuma shi ne shaiɗan ke raɗa wa ya shiga da 'yar takarda, alhali hukuncin satar amsa a jami'a yakan kai ga kora.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: kewar gida da karayar zuciya. Yaron da bai taɓa zuwa na biyu a ajinsu ba, ya ga 8 cikin 30 a tes na farko, abin yakan taɓa shi har ƙashi. Ba zai iya gaya wa Baba ba, domin an sayar da amfanin gona an biya masa rajista. Ba zai iya gaya wa Inna ba, domin ta gama shelanta wa dangi. Sai ya haɗiye, idan an kira waya ya ce, "Karatu alhamdu lillahi." Jami'o'i suna da ofisoshin ba da shawara, kowane aji kuma yana da malami mai kula da shi, amma sabon ɗalibi bai cika sanin ƙofarsu ba.

'Yan mata a tsangayar

A azuzuwan injiniya na Arewa, musamman sassan kanikanci da gine-gine da lantarki, mata 'yan ƙalilan ne. Yarinyar da ta shigo tana ɗauke da duk nauyin da aka lissafa, da ƙari. Karatun dare a aji ba ya yi mata sauƙi kamar namiji. Rukunin tattauna darasi galibi na maza ne, shiga cikinsu kuma na iya jawo mata magana. A gida ana tambayar ta me ya hana ta karanta aikin jinya ko koyarwa, wasu kuma suna lissafa mata shekara biyar da batun aure. Duk da haka ana samun mata a sahun gaba na sakamako a sassa daban-daban, kuma fagen yana buɗewa. Ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya, NSE, da aka kafa tun 1958, ta samu shugaba mace ta farko, Injiniya Margaret Oguntala, a 2024. Ƙungiyar mata injiniyoyi, APWEN, tana da rassa a jihohi, kuma ɗaliba za ta amfana idan ta neme su tun tana aji ɗaya.

Masu riƙe hannun baƙo

Abin da ke ceton ɗalibai da yawa ba a ofis yake ba. Tutoriyal ne, wato darasin da 'yan manyan aji ke yi wa ƙannensu da yamma ko a ƙarshen mako, sau da yawa kyauta. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, da ta Kirista, FCS, da ƙungiyar ɗaliban injiniya, NUESA, da ƙungiyoyin 'yan jiha ko ƙaramar hukuma, duk suna shirya irin wannan. A nan ne yaro ke samun wanda zai maimaita masa bayani sau uku, ya juya masa shi da Hausa idan ta kama, ya ba shi tambayoyin shekarun baya, ya nuna masa littafin lissafin injiniya na K. A. Stroud, wanda ke bin darasi mataki-mataki har mai karatu shi kaɗai ya iya bi. A nan ne kuma yake jin cewa wanda ke koya masa ma ya taɓa faɗuwa tes.

Ɗaliban da suka tsallake shekarar lafiya kusan halinsu ɗaya. Suna zuwa lacca da wuri don su samu kujerar gaba. Suna da abokan karatu biyu ko uku, ba taron hira ba. Suna warware tambayoyi da hannunsu kafin su duba amsa. Suna yin tambaya ko da za a yi dariya, domin matambayi ba ya ɓata. Suna sanin ɗakin karatu, kamar na Kashim Ibrahim a Samaru, tun kafin makon jarrabawa. Kuma suna ware lokacin barci da na ibada da na motsa jiki kamar yadda suke ware na karatu.

Wanda kuma ya faɗi, duniya ba ta ƙare ba. Kari-oba ɗaya ko biyu ana gyara su. Wanda makinsa ya yi ƙasa ƙwarai akan ba shi shekarar gwaji, wasu kuma a ba su damar komawa wani sashe. Sauya sashe da wuri ya fi a shekara bakwai ana jan ƙafa a inda zuciya ba ta so. Ga wanda ya jure kuwa, injunan da ya yi mafarki suna nan tafe: aikin bita daga aji biyu, sannan wata shida na sanin makamar aiki a masana'antu a aji huɗu ƙarƙashin shirin SIWES. Bayan digiri da hidimar ƙasa, sai ya tara shekarun ƙwarewa a bakin aiki kafin hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ta yi masa rajista a matsayin cikakken injiniya.

Nauyin da ke kan kowa

Arewa na buƙatar waɗannan yara. Madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori da Goronyo, da tashoshin lantarki na Kainji da Shiroro da Zungeru, da layin dogo da hanyoyi, da rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana da ke yaɗuwa a ƙauyuka, duk hannun injiniya suke jira. Duk yaro mai basira da ya zube a aji ɗaya saboda ba a yi masa bayanin makonni biyu ba, asara ce ta al'umma.

Jami'o'i za su iya mayar da bikin karɓar sababbin ɗalibai ya wuce jawabai da ɗaukar hoto: a zaunar da su a koya musu lissafin CGPA da alli a allo, a gwada ƙarfinsu a lissafi tun makon farko, a shirya wa masu giɓi darasin cike gurbi, a kuma ba 'yan manyan aji masu koyar da tutoriyal wani ɗan alawus. Gwamnatocin jihohi su ɗauki malaman lissafi mai zurfi, su gyara lab a makarantun sakandare, su biya tallafin karatu a farkon zango, ba bayan an gama jarrabawa ba.

Ku kuma iyaye, kada tambayarku ta tsaya a "Yaya karatu?" Ku tambayi yaro darussa nawa ya ɗauka, wanne ne ke ba shi wuya, a ina yake kwana, sau nawa yake cin abinci. Idan sakamakon zangon farko ya fito, ku nemi ganinsa da idonku. In ya yi kyau ku sa albarka. In bai yi ba, ku riƙe faɗa ku fara da tambayar abin da ya faru, domin a wannan lokacin gyara yana da sauƙi, kuma saura zango tara a gaba.